Kansa Biyu a Jikin Mutum Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

A ɗakin da nake duba marasa lafiya a nan Yamai, akwai maganar da ba na yin wata guda ban ji ta ba: "Likita, ciwon nan ne ya dawo." Mai faɗarta yakan faɗe ta ne da muryar wanda ya riga ya sallama. Sau da yawa gaskiyarsa ce. Amma akwai lokacin da abin da ya fito sabon ciwo ne mai tushensa dabam, wanda babu abin da ya haɗa shi da na farko sai jikin da suka tarar. A kan wannan bambanci ake yanke shawarar ko magani za a yi don a warke, ko don a rage raɗaɗi kawai. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, galibi daga bakin mutanenmu na jihar Tawa da ke shan doguwar hanya kafin su iso gare mu.

Da gaske ne mutum ɗaya zai iya yin kansa iri biyu dabam-dabam?

Ƙwarai kuwa, har uku ana gani. Kansa suna ne na cututtuka fiye da ɗari, kowace da inda take tsira da yadda take tafiya. Wanda ya yi ƙyanda yana yaro ya gama da ita, amma kansa ba ta barin irin wannan kariya. Macen da ta warke daga kansar nono tana da mahaifa, tana da hanji, tana da hanta, kuma kowannensu na iya tsirar da nasa ciwon. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan fiɗa na birnin Biyana, Theodor Billroth, ya rubuta labarin marasa lafiya irin waɗannan.

In an gano biyun a tare, ko tsakaninsu bai wuce wata 6 ba, yawancin likitoci kan ce na lokaci guda ne. In tazarar ta wuce haka, na biye ne, kuma tazarar na iya kaiwa shekara 20 ko fiye.

To mene ne bambancinsa da ciwon da ya dawo ko ya bazu?

Abubuwa uku ne da ake yawan cakuɗawa.

Akwai dawowa. An cire ƙari a nono, an yi magani, bayan shekara biyu ya sake tsirowa a gurbin aikin ko a hammata. Wasu ƙwayoyi ne suka kuɓuta suka sake toho.

Akwai bazuwa, abin da za ku ji likitoci na kira metastaz. Ƙwayoyin kansar sun bi jini ko hanyoyin ruwan jiki sun je sun yada zango a ƙashi, ko hanta, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa. A nan ne mutane suka fi ruɗewa. In kansar nono ta je huhu, ba ta koma kansar huhu ba, kansar nono ce ta yi ƙaura. Ba'adare ko ya shekara ashirin yana bida a Abijan, ya saba da tufafin can da abincin can, da ya buɗe baki ka san inda aka yanke masa cibi. Haka ƙwayar kansa take. Duk inda ta je tana riƙe da kamannin gidansu, kuma da maganin gidansu ake bin ta.

Sai na uku, wanda shi ne maganarmu: sabuwar kansa da ta tsira a wurinta, daga ƙwayoyin wannan wurin. Wannan ƴar gari ce, ba baƙuwa ba.

Ga dalilin da ya sa nake nanata wannan. A ce mace ta yi kansar nono shekara shida da suka wuce, yau an ga tabo ɗaya a huhunta. In bazuwa ce, ciwon ya kai mataki na huɗu, aikinmu shi ne riƙe shi da tsawaita kwana cikin sauƙi. In kuwa sabuwar kansar huhu ce ƙarama, tana iya kasancewa a mataki na ɗaya, a cire ta, matar ta koma gidanta ta ga auren jikokinta. A hoto duka biyun tabo ɗaya ne. Kama da wane ba ta wane.

Ta yaya ake tabbatarwa? Sikana da ekogarafi ba su isa ba?

Hoto yana nuna akwai abu, yana nuna girmansa da inda yake. Sunan abin kuwa sai an ɗebi ɗan yanki daga jikinsa an kai ɗakin binciken tsoka, wanda muke kira anapat, an yanka shi siriri an duba a madubin likita. Wannan ɗibar ita ce biyopsi. In kamannin ƙwayoyin bai fito fili ba, akwai wasu rini na musamman da ake zuba musu, su bayyana ko asalinsu nono ne, ko hanji, ko huhu. Wato a sa su buɗe baki.

Sharuɗɗan da ake bi har gobe wasu likitocin Amurka biyu ne, Warren da Gates, suka shimfiɗa su a 1932: kowane ƙari a tabbatar kansa ne ta binciken tsoka, kowane ya zama dabam da ɗan'uwansa, kuma a kawar da zaton cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Ba kowane wuri ake iya kai allura ba, kuma in tabo sun cika hanta da ƙashi a jikin wanda aka san kansarsa, likita na iya yanke hukunci ba tare da sabuwar biyopsi ba. Amma in tabon ɗaya ne tilo, ko ya fito bayan shekaru masu yawa, ko ya fito a wurin da irin wannan kansa ba ta saba zuwa ba, ku tambaya da ladabi: "Likita, an tabbatar wancan ne, ko za a ɗiba a duba?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Ni kaina na taɓa karɓar wani dattijo da aka sallama gida da cewa ciwonsa na da ne ya kama hanji, babu abin yi. Da aka ɗiba, sabuwar kansar babban hanji ce da ba ta je ko'ina ba. An yi masa aiki. Watannin da ya yi a gida yana jiran ajali har yau suna yi mini ciwo.

An ce in ƙarfe ya taɓa kansa sai ta haukace. Biyopsi ba za ta watsa ta ba?

Na san inda maganar ta samo asali. Mutane na zuwa a makare, a yi aiki, bayan ɗan lokaci su rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifin. Ciwon ya riga ya bazu tun kafin a taɓa shi. Biyopsin da aka yi bisa ƙa'ida ba ta sa kansa gudu. Abin da ke ɓata ƙari shi ne tsaga da sakiya da ɗaure-ɗauren magani mai cin fata, waɗanda ke mai da shi gyambo mai ruwa, su kuma cinye watannin da ake da su.

Abin yana da yawa ne, ko sai jefi-jefi?

Binciken ƙasashe dabam-dabam ya ba da tsakanin kashi 2 zuwa 17 cikin 100 na masu kansa, gwargwadon yadda aka ƙirga da tsawon shekarun da aka bi mutanen. A rajistar kansa ta Amurka an tarar cewa cikin masu shekara 65 zuwa sama da aka gano musu sabuwar kansa, kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa yin wata a baya.

A Nijar muna da rajistar kansa tun 1992, kuma abin da muka fi gani shi ne kansar nono da ta bakin mahaifa ga mata, ta hanta ga maza. Kansa ta biyu ba ta cika bayyana a wurinmu kamar can ba, kuma dalilan ba masu daɗi ba ne. Kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, kansa kuwa ta fi bin tsufa. Sannan da yawa daga marasa lafiyarmu ta farkon ce ke tafiya da su, ba su kai ga ganin ta biyu ba. Wasu kuma sun yi ta biyun, an kira ta dawowa ba a duba ba. Duk lokacin da magani ya inganta mutane suka ƙara rayuwa, za mu ƙara ganinta.

Me ke kawo ta biyun?

Mafi yawan lokaci abin da ya kawo ta farko ne bai tafi ba. Babba cikinsu taba. Hayaƙin sigari yana bi ta leɓe, harshe, maƙogwaro, ya sauka huhu, wani ya bi hanyar abinci, dafinsa ya shiga jini ya taru a mafitsara kafin a fitsarar. Duk inda ya bi ya bar ɓarna. A 1953 wani likita a Amurka, Slaughter, ya duba tsokar da ke kewaye da kansar baki ta ɗaruruwan mutane, ya tarar fatar da ido ke gani lafiyayya ita ma ta fara lalacewa. Manomin gero ya san wannan. In ƙuduji ya kama gona, cire wanda ya fito ba ya raba ka da shi, irinsa na kwance a ƙasa ko'ina. Don haka wanda aka cire wa kansar harshe ya ci gaba da shan taba, yana ba wa ta maƙogwaro da ta huhu ruwa ne. Tabar gari da ake cusawa a leɓe da kanwa, da shisha da samari suka runguma, duk gidansu ɗaya. Giya kuma in ta haɗu da taba ɓarnar ninkuwa take yi. Labari mai daɗi shi ne barin taba ko bayan an gano kansa yana rage haɗarin ta biyu, kuma magani ya fi kama jiki.

Ƙiba mai yawa, musamman bayan ɗaukewar al'ada, tana da hannu a kansar nono, ta cikin mahaifa da ta babban hanji. Sai tsufa, wanda babu mai tare shi.

Akwai abubuwan da suka fi shafar mu nan ƙasar?

Akwai. Ƙwayar HPV da ake ɗauka ta saduwa ita ce ke kawo kusan dukkan kansar bakin mahaifa, kuma ita ɗin ce ke iya kawo ta farji, ta dubura da ta maƙogwaro. Macen da aka cire wa mahaifa saboda wannan ciwo kada ta ce ta gama da awo.

Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, da yawa sun ɗauke shi tun suna jarirai ba su sani ba. In ya haɗu da dafin fumfunar da ke kama gujiya da masara da aka adana da danshi, hanta na cikin haɗari sosai. Duk mai kansa ya kamata a yi masa gwajin wannan ƙwaya kafin a fara shimiyo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, domin maganin kan tayar da ita, kuma in yana da ita a riƙa duba hantarsa kowane wata 6. Rigakafinta na cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai.

Tsargiya, fitsarin jinin da yara ke ɗauka a kogi da tafkuna da madatsun ruwa, in ta daɗe ba a yi maganinta ba tana iya kai wa ga kansar mafitsara. Mai ɗauke da ƙwayar SIDA da ba ya shan maganinsa kariyar jikinsa kan faɗi, kansa iri-iri su samu ƙofa.

Ina so in tsaya kan ƴan'uwanmu zabaya. Ranar Adar ba ta wasa, fatarsu kuwa ba ta da launin da ke kare ta. Sau da yawa zabiya kan zo da ƙari a kunne, a cire, bayan shekara ga wani a wuya, ga wani a bayan hannu. Kowanne sabuwar kansar fata ce mai zaman kanta, kuma kowanne in an kama shi yana ƙarami aikin mintuna ne. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kare rana, da nisantar tsakar rana a gona ko kasuwa. Duk gyambon da ya yi wata guda bai warke ba a nuna shi.

Mahaifiyata ta rasu da kansar nono, yayata ma ta yi, ni kuma ga shi an ce nono na biyu ya kama. Gado ne?

Hajiya, alamun gado sun taru a maganarki. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kansa ne ke bin jini, amma a cikin masu kansa biyu rabon ya fi haka. Abin da ake gada shi ne rauni a ɗaya daga ƙwayoyin halitta masu gyara ɓarna a jiki. Waɗanda suka fi shahara su ne BRCA1 da aka gano a 1994 da BRCA2 a 1995. Mace mai raunin BRCA1, cikin irinta 100 kusan 70 za su yi kansar nono kafin shekara 80, fiye da 40 kuma ta gidan ƙwai. In ta yi a nono ɗaya, haɗarin ɗayan ya kai kusan kashi 40 cikin shekara 20. Raunin BRCA2 yana taɓa maza ma, da kansar furostat, gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, har da ta nono. Kada a ɗauka na Turawa ne kawai. Wani bincike da aka yi wa mata fiye da 1,000 masu kansar nono a Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya samu ɗayan raunin nan biyu a jikin kusan mace 1 cikin 10.

Akwai kuma gadon da ake kira Lynch, mai haɗa kansar babban hanji da ta cikin mahaifa, wani lokaci da ta tumbi ko hanyar fitsari. Akwai na yara, kansar ido da ke sa tsakiyar idon jariri ya yi fari yana ƙyalli kamar na kyanwa da dare. In ta kama ido biyu to ta gado ce, kuma yaron in ya warke yana bukatar a riƙa binsa har girma, saboda kansar ƙashi da ta tsoka kan biyo baya.

Kowane ɗa ko ɗiya na mai raunin yana da rabi da rabi na gada, kuma ta wajen uba yana bi kamar yadda yake bi ta wajen uwa. Don haka a lissafa gwaggwanni, ba innoni kaɗai ba. Gwajin jinin da ke tabbatarwa yana da tsada, galibi sai an aika waje. Amma ko babu shi, tarihin gida ya isa likita ya canja shawara: a fara duba ƙannenki da ɗiyanki mata da wuri, tun shekara 25 zuwa 30, a kuma yi maganar cire gidan ƙwai bayan an gama haihuwa. Ki zauna da tsofaffin gidanku ki tambaya wa ya rasu da me, yana da shekara nawa. Na san magana ce mai nauyi, ana tsoron a ce gidan wane suna da mugun jini a ƙi neman ɗiyansu. Ku riƙe ta tsakaninku da likita, amma kada ku binne ta.

Auren zumunci ne ya jawo mana?

A irin gadon da na ambata, a'a. Daga uwa ko uba ɗaya ya isa, ko da ba su haɗa dangi ba. Akwai wasu cututtuka ƙalilan da sai yaro ya gada ta ɓangare biyu, su ne auren gida ke ƙara wa yawa. Kada wani ya ɗora wa iyayensa laifi.

Na ji an ce shimiyo da gashin na'ura su ma suna kawo kansa. In haka ne me ya sa za a yi mini?

Ba zan ɓoye ba, suna iya kawowa, amma kaɗan ne. Gashin radiyoterapi, wato ƙona kansa da hasken na'ura, na iya haifar da ƙari a wurin da hasken ya bi, yawanci bayan shekara 10 ko fiye. Wani babban bincike a Amurka ya kiyasta cewa cikin kansa ta biyu da ta samu manyan da aka gasa, kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai za a jingina wa gashin. Sauran na taba ne, da gado, da shekaru. Haɗarin ya fi ga wanda aka gasa yana yaro, misali budurwar da aka gasa wa ƙirji, wadda ya kamata a fara duba nononta shekara 8 bayan gashin ko in ta kai 25, duk wanda ya zo daga baya.

Wasu magungunan shimiyo kan taɓa ɓargo su kawo kansar jini, wasu cikin shekara 1 zuwa 3, wasu bayan 5 zuwa 10. A kansar nono abin bai cika wuce mutum 1 cikin 100 ba.

Sai tamoksifen, ƙwayar da mata da yawa masu kansar nono ke sha shekara 5 zuwa 10. Tana ninka haɗarin kansar cikin mahaifa sau biyu zuwa uku ga wadda al'adarta ta ɗauke, wanda a lissafi mace 1 ko 2 ne cikin 1,000 a shekara. A gefe guda tana rage dawowar kansar nono da kusan rabi, tana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, tana kuma kare ɗaya nonon. Wadda ta jefar da ita don tsoro ta guje wa ƙaramin haɗari ta faɗa babba. Abin da ake so shi ne in kin ga jini, ko ɗigo ne, bayan al'ada ta ɗauke, ki zo a duba cikin satin.

Tun da na warke, ko ciwon kai na yi sai gabana ya faɗi. Waɗanne alamu ne na gaske?

Wanda maciji ya sara in ya ga igiya sai ya zabura, babu laifi a haka. Mafi yawan ciwon kai da mura da ciwon gaɓɓai na kowa ne. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: sabon abu, da ba a san dalilinsa ba, da ya wuce sati 3 bai tafi ba. Ƙullutu a ko'ina, jini a fitsari ko bayan gida ko majina, zubar jini ga mace ba lokacinta ba, dishewar murya, abinci na tsayawa a wuya, gyambon baki, canjin bayan gida, ramewa ba dalili, idanu su yi rawaya. Kada a ce basir ne a yi ta shan jiƙo wata shida. Kada kuma a jira ranar randebu in abu ya fito kafin ta.

Ina zaune a Tawa. Dole duk awo sai na zo Yamai?

Hanyar ta haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ga kuɗin mota, ga masauki, ga gona ko shago da aka bari. Na san mutane da yawa daga nan bibiyarsu ke yankewa. Ba komai ne sai Yamai ba. Duban jiki da hannu, awon jini, ekogarafi, hoton ƙirji da awon bakin mahaifa da ruwan tsami ana yin su a babban asibitin jiha da cibiyar uwa da yaro ta Tawa, asibitin Galmi ma yana aikin fiɗa. Ku roƙi likitan da ya yi muku magani ya rubuta jadawali: wane awo, kowane wata nawa, wanne za a yi a gida, wanne sai an zo.

Abin da aka saba shi ne ganin likita kowane wata 3 zuwa 6 a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara. Mai kansar nono ta yi hoton nono, mamogarafi, kowace shekara. Wanda aka yi wa aikin babban hanji a leƙa hanjin da na'ura bayan shekara 1, in lafiya sai bayan 3, sannan kowace 5. Mai gadon Lynch kuwa kowace shekara 1 zuwa 2. Gashi dai sai Yamai, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, inda aka buɗe sashen radiyoterapi na farko a ƙasar a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai mai halin fita waje. Tun 2007 kuma doka ta sa kansar mata cikin abubuwan da ake kulawa kyauta. Ku tambayi ofishin taimakon jama'a na asibiti abin da ya shiga ciki, ku yi tanadin abin da bai shiga ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya riƙe awon kansarsa ta farko da kyau ya manta sauran jikinsa. Mai kansar nono ita ma tana bukatar awon bakin mahaifa kamar kowace mace.

In an gano biyu a lokaci guda, wacce ake fara yi wa magani?

Likitan fiɗa, na shimiyo, na gashi, na hoto da na anapat kan zauna su duba takardun tare. Ana fara wa da wadda ta fi gaggawa, ko dai don ta fi saurin tafiya, ko don ta toshe hanji ko tana zubar da jini. Wani lokaci aiki ɗaya ya ɗauke biyun, kamar mahaifa da gidan ƙwai. Wani lokaci a samu maganin da ke kama duka. Akwai kuma kansar da ke tafiyar hawainiya, kamar wasu na furostat a jikin tsoho, wadda za a sa wa ido kawai a fuskanci ɗayar.

Wanda ya yi ta biyu yana warkewa kuwa?

Yana warkewa. Abin da ke yanke hukunci shi ne irinta, da matakin da aka same ta, da ƙarfin jikin mai ita. Wanda ke zuwa awo a kai a kai ma yakan fi wanda bai taɓa ciwo ba sa'a ta wannan fuska, domin ana kama tasa tun tana ƙarama.

A gida an ce ciwo biyu a jiki ɗaya ba banza ba, jifa ne. Me za ka ce?

Na ga ƙwayoyin nan da idona a madubi, na ga suna raguwa da magani. Cuta ce cikin cututtukan da Allah Ya saukar, kuma an umarce mu da neman magani. Addu'a da sadaka da karatu ku riƙe su da ƙarfi, suna ɗaukar zuciya a ranar da jiki ya gaza. Roƙona biyu ne. Kada a tsayar da maganin asibiti don an tafi wani wuri, kuma duk saiwa ko garin da ake sha a faɗa wa likita, saboda wasu na wahalar da hanta da ƙoda a daidai lokacin da shimiyo ke bukatarsu. Zargin kishiya ko maƙwabciya kuwa ya raba gidaje da yawa a banza. Kansa ba ta bin kwano ko shimfiɗa, a ci abinci tare da mara lafiya, a zauna kusa da shi.

Innarmu ta sha wuya a ta farko. Mu gaya mata an ga wata, ko mu rufe?

Ɗan'uwa, na fahimci tausayin. Amma wadda ta taɓa bin layin shimiyo ta san ƙamshin ɗakin, ta san ma'anar shirun ƴaƴanta. In kun rufe, abin da za ta ɗauka shi ne ciwon ya cinye ta kuna jiran rana, alhali wataƙila labarin ya fi haka sauƙi nesa. Ku tambaye ta ko tana so ta ji daga bakin likita ko ta wakilta ɗayanku. In tana so, a gaya mata a zaune, a hankali, da wanda ta fi amincewa a gefenta, a kuma fara da cewa wannan sabo ne kuma ga abin da za a yi. Jikinta ne za a yanka, ita ke da hakkin cewa to ko a'a.

Me zan riƙo in zan zo ganin likita?

Duk takardun ciwon farko, ko sun yi shekara 15. Ba a fafe gora ranar tafiya, tun yau a haɗa su a jaka ɗaya nesa da ruwa da gara, a ɗauki hotonsu a waya, a tura wa wani ɗan'uwa ya adana. Dalilin yana da girma. Jan ruwan nan na shimiyo, doksorubisin, yana da iyakar da ba a ƙetarewa a duk tsawon rayuwa saboda yana raunana zuciya, in ba mu san nawa aka sa a baya ba muna aiki ne a duhu. Wurin da aka taɓa gasawa ma ba kasafai ake sake ba shi cikakken gashi ba. Don haka muna son sunayen magungunan da yawan zagayen da aka yi, takardar gashi mai nuna wurin da adadin, bayanin aikin fiɗa, tsofaffin hotuna don a gwada da sababbi, da jerin dangin da suka yi kansa da shekarunsu.

Wadda ta fi duka ita ce takardar anapat ta farko. A samanta akwai lamba. Da wannan lambar ake komawa ɗakin binciken a nemo guntun tsokar da aka adana cikin kaki irin na likita, a sake yanko shi, a ajiye shi gefe da gefe da sabon a ƙarƙashin madubi ɗaya.